Sharhi A Kan Tafiyar Amare Ta Pippa Bacca

Ran 8 ga Maris, 2008, wasu mata biyu masu fasaha 'yan Italiya, Pippa Bacca da Silvia Moro, suka bar birnin Milan sanye da fararen rigunan amare, da niyyar kaiwa Ƙudus ta hanyar tsayar da motoci suna roƙon a rage musu hanya. Da gangan suka bi ta ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, irin su Kuroshiya da Bosniya da Sabiya. Tafiyar ita kanta ce aikin fasahar, kuma saƙonta shi ne yarda da baƙo maimakon tsoronsa.

Kamfanin ɗinki na Byblos ne ya tsara rigunan, abin da zai sa mai karatu ya ce, me ya haɗa kwalliya da yaƙi? A nawa ganin a nan hikimar take. A Turai yini guda amarya ke sa rigarta, sai a ninke a adana. Su kuwa suka bar tasu ta sha ƙura da gumi, domin a baje kolinta a ƙarshe da dattinta. Silvia takan miƙa tata ga matan garuruwa su yi mata ɗinkin ado. Pippa kuwa ungozomomi take nema ta wanke musu ƙafafu, da yake su ke karɓar rai a inda aka zubar da shi. 'Yan uwa marubuta masu cika shafi goma da wa'azi su dubi abin da riga ɗaya ta ɗauka.

A Istanbul suka rabu, da alkawarin haɗuwa a Beirut. Ran 31 ga Maris wani direba ya ɗauki Pippa kusa da garin Gebze na Turkiyya, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Shekarunta 33.

Tun daga nan mutuwar ta haɗiye aikin, har wasu ke cewa wauta ce tun farko. Ban yarda ba, domin kuwa makashi ba alƙalin fasaha ba ne. Inda na ga rauni daban ne: amaren baƙi ne masu kwana biyu su wuce, kuma idon kallo a kansu yake. Matar Bosniya da ta rasa miji a 1995, wadda ta san abin da yaƙi ke yi wa aure fiye da kowa, allura da zare kawai aka miƙa mata.