Kan Sarki: Sunan Kaɗai Ya Isa a So Shi

'Yan'uwana masu tara kan sarki, ku ba ni aron kunnuwanku, yau kam yabo zan yi ba ƙaƙƙautawa. Ba takardun kaɗai ba, har kalmomin da muke kiransu da su. Duk wanda ya fara raɗa wa wannan 'yar takarda suna "kan sarki", Allah Ya saka masa da alheri. Ya dubi abin da Turawa suka kawo, ya ga kan mai mulki a jiki, ya faɗi abin da ya gani, shi ke nan. Ga shi an yi shekara da shekaru babu kan kowane sarkin Ingila a na Najeriya, amma suna ya zauna daram. Kuma abin daɗin, kan farko da aka buga na mace ne: Sarauniya Victoria ce a kan Penny Black na 1840, ita ce kuma a kan na farko mai ɗauke da sunan Arewacin Najeriya a 1900. Duk da haka kan sarki muka ce. Madalla!

Nan Dundaye, idan na dawo daga cikin jami'a bayan isha'i, sai in shimfiɗa albam, in ɗauko hantsakina da gilashin ƙara girma. Yatsa ba ya taɓa kan sarki, kun sani, gumi ne ajalinsa. Daga nan sai a shiga yaren da sai mu: fafareshan, wato haƙoran gefe, waɗanda ake ƙirga yawansu a cikin santimita biyu, wotamak, ɓoyayyar alamar da ke kwance cikin jikin takardar, ba ta nuna fuska sai ka juya bayan a kan baƙin faranti, kambi da haruffan CA su bayyana a hankali kamar jinjirin wata, hinji, ɗan siririn manne da magabata suka riƙa liƙawa da shi, wanda tabonsa kaɗai ke karya daraja. Sai mint, sabo dal, ƙaronsa na baya bai taɓa ganin yawu ba, lafiyayye, mai sheƙi, haƙora cif ba giɓi. Kai, wannan ganinsa ma abinci ne.

Amma inda zuciyata ta fi kwanciya shi ne farashin da ke jiki, domin a nan Hausa ke baje kolinta. Ɗauki jerin 1953, kyawawa, masu zurfin launi, zanannu da hannun gwani. Na kwabo, mahayan Barno ne bisa dawakai. Na ahu, gyaɗa. Na taro, gadar Jebba. Na sule goma kuwa fatu da ƙiraga, kuma wane Basakkwace ne zai ga wannan bai tuna jar akuyarmu ba? Ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, sule, fam: sunayen kuɗin da suka bar kasuwa tun zuwan naira a 1973, ga su da ransu a shafi guda. Na taɓa karanta wa wani dattijo maƙwabcinmu jerin nan, yana jin "ahu" ya yi murmushi ya gyara zama, hira ta kai mu tsakar dare. Koma baya zuwa 1936, na sisi hasumiyar Gobarau ce ta Katsina, na sule shanun Fulani. A 1959, da Jihar Arewa ta sami mulkin kai, Lugard Hall na Kaduna da masallacin Kano suka hau kan sarki. Na fam 25 na 1904 kuwa, sai dai mu gaishe shi a hoto cikin katalog ɗin Stanley Gibbons.

Ƙorafina kaɗan ne. Zafin bazararmu da laimar damina ba sa tausayin ƙaro. Ka bar mint a leda mara kyau, ka dawo ka tarar sun rungume juna. Sannan yaran yanzu da ke cewa "sitam", alhali ga suna mai daɗi a gida. Na je wani kanti neman albam, mai shagon ya miƙo mini na hotunan biki.

Wanda ya sha hatimi fa, kada a raina shi. Ni ya fi burge ni a wasu lokutan, domin hatimin gidan waya shi ke faɗin gari da rana. Ina da tsohon ambulan daga adakar mahaifina, an buga masa SOKOTO a zagaye, baƙin tawada ya ɗan ci gefen kan sarkin, kuma ba zan ba da shi a kan mint goma ba. Don haka idan kuka ci karo da tsofaffin wasiƙu a gida, don Allah kada ku ɓamɓare kan sarkin. Ku bar shi a jikin ambulansa, ku ajiye inda gara ba za ta kai ba.