Wurin Zama A Gidan Wasa

A gidan wasan Globe da aka gina a Landan cikin 1599, inda aka nuna wasannin Shakespeare, mai kwabo ɗaya tsaye yakan yi a fili, in ruwa ya sauko a kansa. Mai kwabo biyu ya sami benci ƙarƙashin rufi, mai uku har da matashin zama. Manya kuwa sukan biya sisi su hau bene bayan dandamali, kowa na ganinsu, su sai ƙeyar 'yan wasa. To, wannan ba kallo ba ne, nuna riga ne. Mai hankali tsakiya yakan nema, daura da dandamali, inda ginshiƙi bai tare masa ba. Nan ne fuska da murya ke isowa tare.