Ta Karya Layin Waya, Sai Me?

Duk mai bin littattafan soyayya da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks ya san wurin nan. Saurayi ya ci amana, ko miji ya miƙo takarda. Jarumar ta share hawaye, ta zare layinta daga waya, ta karya shi gida biyu, ta wurga a kwata. Washegari sai tasha, sai gidan wata gwaggo a Kaduna ko Abuja. Idan marubuciyar ta so ta burge mu, sai karatu a ƙasar waje. Mukan ji sanyi a ranmu, mu ce madalla, yarinya ta san ciwon kanta.

Sai dai tun kafin mu buɗe shafi na gaba mun san abin da zai faru. Gogan naka zai kira lamba ya ji ta a kashe, zai daina cin abinci, zai rame, gemu ya cika masa fuska, a kwantar da shi asibiti, likita ya ce zuciyarsa na dab da bugawa. Mahaifiyarsa, wadda ita ta kunna wutar tun farko, za ta je ta durƙusa. Bayan shafi talatin na jan aji, sai a ɗaura aure ko a mayar da shi.

Ke nan shirun jarumar ƙugiya ce aka jefa a ruwa. Ta yanke magana da shi ne domin ya ji a jikinsa, kuma labarin kansa yakan bar ta ya koma ɗakin namijin, muna kallon nadamarsa dalla-dalla. Ita kuwa, wadda aka ce ta tafi neman lafiyar zuciyarta, abin da ake nuna mana a kanta bai wuce ta yi ƙiba, ta yi fari, ta sami aiki mai tsoka ba. Yadda ta kwana a daren farko, yadda hannunta ke kai wa ga waya da asuba yana neman saƙon da ba zai zo ba, yadda ta haddace lambar da ta goge, duk an tsallake. A nan ne labarin yake, kuma a nan ne marubutanmu suka fi yin sauri.

Akwai kuma wata tambaya da ba a cika yi ba: a ƙasar Hausa, wa ke iya ɓacewa haka? Tun da aka fara haɗa layin waya da lambar NIN a Najeriya a ƙarshen 2020, sayen sabon layi ma ya zama aiki. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne zumunci. Marubutan nan sun fi kowa son auren 'yan uwa, to idan tsohon mijin ɗan kawunki ne, ina za ki toshe shi? Za ku haɗu a suna, ku haɗu a zaman makoki, sunansa na nan a zauren iyali na WhatsApp yana turo gaisuwar Juma'a. Idan akwai 'ya'ya, kuɗin makaranta da na asibiti za su tilasta magana. Idan sakin kome ne, Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta kafin ta gama idda, wato watannin farko na rabuwa, a shari'ance, ana yin su ne ƙarƙashin rufi ɗaya. Ga kuma hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, wanda dangi ke saurin jawo wa duk macen da ta ƙi ɗaga waya. Ina iyakar gaba, ina iyakar kame kai? Mace na iya amsa sallamar mutum ta kuma rufe masa ƙofar hira? Wannan rigima ce da za ta riƙe littafi guda, amma an bar ta a ƙasa ana karya layi.

Balaraba Ramat Yakubu ta fi su gaskiya tun 1990, lokacin da babu wayar hannu a aljihun kowa. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amaryarsa Delu. Rabi ba ta tafi ko'ina ba. Tana nan cikin Kano, ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta, ta aurar da Saudatu. Nisan da ta yi da shi, da guminta ta gina shi, kuma mun ga kowane tubali. Da gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji, sai aka taru a kanta da ban baki har ta koma. Mutane da yawa sun ji haushin ƙarshen nan, mu ma muna jin sa. Amma Balaraba ba ta shafa wa komen turare ba. Ta nuna shi a matsayin abin da aka ɗora wa Rabi, ta bar mu da ɗacinsa a baki. Marubutan yau sun ɗauki komen, sun zubar da ɗacin, sun sa masa kayan lefe.

Mun san uzurin da za a kawo. Littafin kuɗi ne, masu karatu sun biya, kuma idan ba a haɗa masoya ba za su cika wa marubuciya waya da ƙorafi. Gaskiya ne. Amma cikin masu biyan nan akwai zawarawa da 'yan matan da aka yaudara, waɗanda suka toshe lamba wata shida da suka wuce, babu wanda ya rame, babu wanda ya zo biko, sai ma katin bikinsa da suka gani a wayar ƙawa. Irin wannan mai karatu, idan ta gama littafin, abin da ta koya shi ne shirunta bai yi aiki ba tun da bai dawo ba. Har yanzu muna jiran littafin da jarumarsa za ta yi shiru, shi ma ya yi shiru, marubuciyar ta zauna tare da ita a ɗakin gwaggon, ta bar wancan ya sha bikinsa.