Littafin Hannah Kilham da Bakin da Ba a Ji Ba

A 1837 aka buga tarihin Hannah Kilham a London. Sarah Biller, 'yar mijinta, ita ta tattara shi daga littafin da marigayiyar take rubuta al'amuranta na kullum. Bai kamata mai bi a Paraku ko Jugu ya ɗauke shi labarin nesa ba, ko da yake ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasar Bargu ba.

An haife ta a Sheffield a 1774. Mijinta mai wa'azin Metodis ya rasu a 1798, shekarar aurensu, daga baya ta shiga Jama'ar Abokai, waɗanda ake kira Kweka. Ta tafi Gambiya a 1823, Saliyo a 1827, ta sāke komawa a 1830. Ta rasu cikin jirgin ruwa a 1832, tana dawowa daga Laberiya.

Ƙarfin littafin yana inda take gardama a kan harshe. Ta ga ana sa yaran da aka kuɓutar daga jiragen bayi su haddace Turancin da ba su gane ba, ta ce a fara koya musu karatu da harshen da suka tsotsa. Ba ta tsaya ga faɗi ba. A 1828 ta buga jerin kalmomin harsuna talatin da ake ji a Saliyo, har da Hausa, a makarantarta ta 'yan mata a Charlotte kuwa ta koyar da Yarbanci. Dattawan ikkilisiya a Jugu, inda Faransanci da Dendi da Yom da Lokpa suke haɗuwa a kan benci ɗaya, sun san wannan gardama sarai.

Amma littafin yana da gajiyarwa. Shafi bayan shafi tana auna zuciyarta, tana tuhumar kanta a gaban Ubangiji. Wannan al'adar Abokai ce, ba laifi ba ne, sai dai mai tattarawa ta bar shi ya yi yawa har ya danne waɗanda aka je dominsu. Akwai Bahaushen da aka kama, aka sayar, aka ɗora a jirgi, ya zauna yana faɗa wa wannan Baturiya sunayen abubuwa da bakinsa. Mai karatu zai gama littafin ya san damuwarta ciki da bai, bai san garin mutumin ba.