Mai Hoton Tsakar Gida a Bamako

Jinjina ta musamman ga masu hoton da suka mai da rana fitilarsu, irin su Seydou Keïta na Bamako. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa, kuma a tsakar gida yake aiki. Yakan rataya zane mai ado a bango, ya zaunar da mutum inda haske ke sauka a hankali, ya gyara masa hannu da fuska. Mai so ya ara masa rediyo, agogo ko babur. Haƙurinsa ne ya fi burge ni: fim na da tsada, don haka galibi sau ɗaya yake dannawa, bayan ya gama lura da inuwa. Baƙar fata ta fito da ƙyallinta, adon tufafi kuma a bayyane.