Unguwar Bulumsbari: Allon Bango Ko Inuwar Lambu?

Duk wanda ya nazarci adabin Ingilishi na ƙarni na 20 ba zai rasa jin sunan Bulumsbari ba, wata tsohuwar unguwa a tsakiyar birnin Landan. An san ta da abubuwa biyu: marubuta, da kuma dandalolin lambu waɗanda iyalin Rasel, masu sarautar Bedifod, suka shata tun ƙarni na 18 da na 19. Masu yi wa unguwar kirari sun fi ɗaukaka gidajen marubutan da allunan da aka manna musu. A ganinmu, an bar jaki ana dukan taiki.

Dubi Virginia Woolf. A 1904 ita da 'yan'uwanta suka tare a gida mai lamba 46, Dandalin Gordon, inda ƙungiyar marubuta da masu zane ta Bulumsbari ta samo asali. Daga 1924 zuwa 1939 ta zauna a Dandalin Tavistock. Ita da kanta ta bayyana cewa tana zagaya wannan lambu ne littafinta To the Lighthouse, na 1927, ya faɗo mata a rai. A 1940 bom ya rushe gidan, yau otal ne a wurin. Amma lambun yana nan, kowa na iya shiga. Ashe abin da ya haifi littafin ya fi gidan tsawon rai.

Ba sa'a ce ta tsare shi ba. Dokar 1931 ce ta hana gini a dandalolin Landan. Sai dai adalcin bai cika ba, domin lambun Dandalin Bedifod har yanzu a kulle yake, sai masu mabuɗi.

Mu ma muna da rabo a unguwar. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suka yi karatun malanta a shekarun 1940, a nan kuma makarantar SOAS ta daɗe tana koyar da Hausa.

Saboda haka malamai da dattawa su lura. Kangiwa da dandalin unguwa, inda ake tatsuniya da waƙa, su ma gado ne. In aka yanka su filoti, allo ba zai mayar da inuwa ba.