Littattafan Ilmi Ga Mai Karatu a Dutsin-Ma da Kurfi

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin shekarar 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita wadda ta riga ta zama a garin, masu karatu sun yawaita a wannan yanki na tsakiyar ƙasar Katsina. Saboda haka tambayar abin da ya kamata ɗalibi ya karanta, bayan littattafan jarrabawa, ta zama mai nauyi. In an yi ta a kan littattafan Hausa, amsa ba ta da wuya: sai a ambaci Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, a yi shiru. Waɗannan kuwa duk ƙagaggun labarai ne. Littattafan da ke faɗin abin da ya auku da gaske, ko yadda halitta ta ke, ko yadda mutane ke zaman duniya, su ne a kan tsallake, ko kuwa a jera sunayensu ba tare da an auna su ba. Nufin wannan takarda shi ne a auna kaɗan daga cikinsu, waɗanda suka shafi mutumin Dutsin-Ma da na Kurfi, da ma'auni guda ɗaya: shin littafin ya nuna wa mai karatu hanyar da aka bi aka san abin da ya faɗa, har ya iya bin sawu ya gwada da kansa, ko kuwa faɗi kawai ya yi ya bar shi da karɓa?

A fannin kimiyya, littafin da ya cancanci a fara ambata shi ne Ikon Allah, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta, aka fara buga shi a Zariya cikin 1949. East shi ne ya shugabanci Hukumar Talifi, Imam kuwa ɗalibin Kwalejin Katsina ne, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta Katsina kafin ya koma Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Gwanintar littafin tana ga inda ya faro. Ya ɗauki abubuwan da manomi da makiyayi ke gani kullum, watau sararin sama da tsire-tsire da dabbobi da ƙwari, ya yi bayaninsu da Hausar da ba ta jin kunyar kanta. Sunan littafin ma dabara ce, gama a zamanin da iyaye da yawa ke ɗari-ɗari da makarantar boko, ya nuna musu cewa duban halitta ba ya saɓa wa imani. Bisa ma'aunin da aka ambata, rabinsa ya ci: abin da ya faɗa a kan tsiro ko ƙwaro, yaro na iya fita bayan gari ya duba da idonsa, amma abin da ya shafi nisan taurari dole ya karɓa bisa amana.

Sai dai littafi ne na 1949. Ba a gano siffar ƙwayar gadon halitta ba sai 1953, ba a harba tauraron ɗan Adam ba sai 1957, ba a taka wata ba sai 1969. Wannan ba laifin marubutan ba ne; laifin yana ga malamin da zai miƙa shi ga ɗalibi yau kamar shi ne ƙarshen zance. Kuma akwai tambayoyin da ƙasar Dutsin-Ma kanta ke yi wa mai ido, waɗanda littafin da aka rubuta domin Arewa duka ba zai amsa ba. Duwatsun da suka ba garin suna wani ɓangare ne na tsohon dutse mai tauri da ke shimfiɗe ƙarƙashin tsakiyar Katsina, shi ya sa mai haƙa rijiya a nan ba ya samun ruwa sai ya dace da tsaga ko inda dutsen ya ruɓe, alhali a ƙasa mai yashi ruwan kan bazu ko'ina. Ga Madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka gama a 1983. Ruwan da aka tare yana kawo kifi da noman rani, amma ruwa mai kwanciya shi ne gidan katantanwar da tsutsar tsargiya ke girma a cikinta kafin ta huda fatar mai wanka. Ɗalibin da ya gama Ikon Allah ya sami harshen da zai yi wannan bayani da shi, amma bayanin kansa sai ya neme shi a Turanci.

A fannin tarihi kuwa, abin da a kan fara miƙa wa mai karatun Hausa shi ne Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu da Hukumar Fassara ta fitar a 1932 da 1933. Fassara ce daga rubuce-rubucen Larabci, a ciki har da tarihin sarakunan Kano. Hausarsa tana da daɗi, kuma ya adana abin da da ya ɓace wa wanda bai iya Larabci ba. Amma littafi ne mai faɗi ba mai aunawa ba. Bai zaunar da mai karatu ya tambaye shi wa ya rubuta wannan labari, a fadar wa, don wa. Masana irin su John Hunwick sun kawo hujja cewa tarihin Kano, a siffar da aka san shi, an tsara shi ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, wajen shekarun 1880, ko da ya ke yana ba da labarin ƙarnuka masu yawa kafin nan. Bakatsine da ya karanta yaƙe-yaƙen Kano da Katsina a cikinsa ya kamata ya tuna cewa daga bakin Kano ya ke jin su.

Littafin da ya koyar da irin wannan tambaya shi ne na Yusufu Bala Usman, The Transformation of Katsina, 1400–1883, watau sauyin da ƙasar Katsina ta yi a tsakanin waɗannan shekaru, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981. Marubucin ɗan Musawa ne, an haife shi a 1945, ya rasu a 2005, kuma jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, abin da bai hana shi duban sarauta da idon mai bincike ba. Kafin shi, Turawa da waɗanda suka koya a hannunsu sun saba ba da tarihin ƙasar Hausa kamar kokawa ce tsakanin ƙabilu biyu, Haɓe da Fulani: waɗannan suka yi mulki, waɗancan suka zo suka ƙwace. Bala Usman ya ƙi wannan. Ya nuna yadda tsarin sarauta ya kafu tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, yadda Birnin Katsina ya tara Wangarawa da Barebari da Azbinawa da Larabawa har duk suka zama Katsinawa, sa'an nan ya nuna cewa a lokacin jihadi akwai Hausawa da Fulani a kowane ɓangare, gama abin da ya raba mutane shi ne matsayinsu a kan mulki da haraji da shari'a da malanta, ba asalin kakanni kaɗai ba.

Ga mutumin wannan yanki littafin yana da wani amfani na musamman, domin bai tsaya a birni ba. Ya fita ƙauye, ya ba garuruwa irin su 'Yandoto da Gozaki da Karofi nasu matsayi, Karofi kuwa tana cikin Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, sunanta ma shaida ne na sana'ar rini. Jagororin jihadi uku ne a Katsina, Umarun Dallaji da Muhammadu Na Alhaji da Umarun Dumyawa, kuma daga gidan Na Alhaji ne 'Yandakawa suka fito, masu sarautar 'Yandaka da ke Dutsin-Ma. Wanda ya san haka zai gane cewa faɗuwar birni a 1807 ba ta miƙa ƙasar duka ga hannu ɗaya ba, rabo aka yi, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan rabon. Sarautar Maraɗi ta Kurfi ita ma tsohuwar sarautar Katsina ce, sunanta ɗaya da na birnin da ke Jamhuriyar Nijar, inda zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa mulkinsu suka riƙa kawo hari.

Wannan hari shi ne abin da Heinrich Barth, Bajamushe, ya tarar sa'ad da ya bi ta Kurfi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya rubuta yadda aka kewaye garin da ganuwa da ramuka a tsakanin duwatsu. Shaida ce ta ido, kuma tana da daraja. Duk da haka Bala Usman ya rubuta wata maƙala a kan zaman Barth a Katsina, wadda ta fito cikin tarin maƙalunsa mai suna Beyond Fairy Tales a 2006, inda ya nuna cewa baƙon ya zo da nasa ra'ayi a kan jinsi da ƙabila, kuma da wannan ra'ayi ya fassara abin da ya gani. Ɗalibin da ya karanta Barth a kan Kurfi, ya bi da wannan maƙala, sa'an nan ya je ya duba duwatsun da kansa, ya koyi aikin tarihi fiye da wanda ya haddace jerin sarakuna.

Aibin littafin Bala Usman shi ne nauyi. Asalinsa kundin digiri ne, bai kuwa tuɓe rigar kundi ba. Sunayen mutane da na garuruwa sun yi yawa a shafi, har wanda ba Bakatsine ba kan ɓace. Kuma ya tsaya a 1883, saboda haka zuwan Turawa a 1903 da bunƙasar Dutsin-Ma ta zamani duk suna bayan murfinsa.

A kan zaman jama'a, babu littafin da ya kusanci wannan yanki kamar Rural Hausa na Polly Hill, wanda aka buga a Ingila a 1972. Ta yi bincikenta a Batagarawa a 1967, garin da matafiyi daga Katsina zuwa Kurfi ke ratsawa. A lokacin, masu tsara tattalin arziki sun ɗauka cewa manoman ƙauye duk ɗaya su ke, talauci ya daidaita su. Hill ta bi gida gida, ta lissafa gonaki, ta nuna cewa ba haka ba ne. Akwai mai taki da hatsin da zai kai shi damina, akwai kuma wanda ke sayar da hatsinsa da kaka sa'ad da ya ke araha, ya dawo ya saya da tsada, har in damina ta faɗi sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya ci yau. Ta kuma bayyana cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hannun yara, wanda mai ƙidayar kasuwa ba ya gani. Kashi na biyu na littafin jerin kalmomi ne, galibinsu na Hausa, irin su gandu da gayya da jingina, kowace da sharhinta. A nan ne manomin Kurfi zai fi iya kama ta da kuskure ko ya gaskata ta, wannan kuwa yabo ne ga littafin. Amma hoton gari ɗaya ne a shekara ɗaya, kafin fari na 1973 da kuɗin man fetur da rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Katsina a shekarun baya-bayan nan, don haka awo ne na kwatanci ba labarin yau ba.

Kurfi ta ba da nata marubucin. Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya riƙe sarautar Maraɗin Katsina, shi ne Sakataren Hukumar Zaɓe ta Tarayya a 1979, ya kuma rubuta The Nigerian General Elections 1959 and 1979 and the Aftermath, aka buga a 1983. Zaɓen shugaban ƙasa na 1979 shi ne wanda Shehu Shagari ya sami ƙuri'a 5,688,857, Obafemi Awolowo ya sami 4,916,651, gardama ta tashi a kan ma'anar kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya sami rubu'in ƙuri'u a jihohi 12, a Kano kuwa ya sami kusan kashi 20 cikin ɗari. Hukumar ta ce ya cika sharaɗi, Kotun Ƙoli ta tabbatar ran 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Darajar littafin ita ce na cikin ɗaki ne ya rubuta shi, ya san yadda a ke rajista da raba akwatuna da tattara sakamako. Iyakarsa ma ita ce wannan, gama hukumar da a ke tuhuma ita ce ke ba da labari. Ya kamata a karanta shi tare da hukuncin Eso, kashin 1959 kuwa tare da littafin K. W. J. Post na 1963 a kan wannan zaɓe.

Mai lura zai ga cewa littattafan nan uku da suka fi nuna hujjarsu, suka kuma fi kusa da ƙofar gidansa, duk da Turanci su ke, alhali mafi yawan abin da ke cikin na Bala Usman da na Hill daga bakin Hausawa aka ji shi. An taɓa mayar da irin wannan aro: labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga da Turanci a 1954, ya fito da Hausar da Baba ta faɗe shi daga Jami'ar Indiana ta Amurka bayan shekara fiye da talatin. In wani sashen Hausa zai fara irin wannan aiki domin Katsina ta tsakiya, jerin kalmomin Hill ya fi sauƙin farawa, domin kan galibin bayanan Hausa ne tun asali, kuma ana iya kai fassarar Batagarawa da Kurfi a karanta wa manoma su gyara.